Rumbu Mai Kwaɗo Biyu

Ranar Litinin da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Tlaxiaco, aka ce an yi sata a rumbun iri na San Bartolo Peñasco. Sufeto Heriberto Cuevas bai jira a ba shi aikin ba, ya ɗauki hularsa. Ƙauyensu ne. A can aka binne cibiyarsa, kuma har gobe Beto ake kiransa a can, ba mai ce masa Sufeto sai in da baƙo a wurin.

Awa biyu motarsa tana hawan dutse tana tari. Duk gonar da ya wuce an yi mata huɗa, tana jiran iri. Hadari ya fara haɗowa ta yamma, tsofaffi sun ce ruwan ba zai wuce Alhamis ba. A wannan tudun, wanda bai shuka da ruwan fari ba sanyi zai riga shi girbi.

Rumbun shekararsa huɗu. Gwamnati ce ta gina ɗakin, ta sa rufin kwano da fitilar hasken rana. Ƙungiyar Tsohon Iri, wadda ba ta gwamnati ba, ita ta bi gida-gida ta tattaro masarar kaka da kakanni, fara da baƙa da ja, ta zuba a tuluna masu murfi. Manomi ya karɓi iri da shuka, ya mayar da kaka. Bara ƙanƙara ta kwantar da gonaki, mutane suka cinye har abin da suka ware, don haka bana gida ɗari da tamanin ba su da iri sai na rumbun.

Da yake gwamnati ba ta gama yarda da ƙungiya ba, ƙungiya ma da wutsiyar ido take kallon gwamnati, sai aka sa wa ƙofar kwaɗo biyu. Mabuɗi ɗaya a hannun jami'in gwamnati, ɗaya a hannun ƙungiya. Haka auren yake tafiya, ba daɗi amma ba saki.

Sufeto ya tarar da mutane cike da filin, kowa da buhunsa a ninke a hammata. A bakin ƙofa mutum biyu suna sa-in-sa. Ɗaya Abundio Quiroz ne, jami'in gwamnati, gajere mai farar riga da biro uku a aljihu. Ɗayar Injiniya Nayeli Osorio ce ta ƙungiya, takalminta duk laka.

"Sufeto, gara da ka zo," in ji Quiroz. "Yau za mu fara rabo. Muna buɗewa muka ga tulu uku na jar masara wayam. Na rufe, na manna hatimi. Ba ƙwaya ɗaya da za ta fita sai an kama ɓarawo. Doka ce, ba ni na rubuta ta ba."

"Tulu uku cikin sittin!" in ji Nayeli. "Ka dubi sama, Don Abundio. Ruwa zai jira dokarka?"

"Ki tambayi mutanenki. Kayan gwamnati ba sa ɓacewa sai an haɗa su da 'yan sa-kai."

"Ku ba ni mabuɗanku," in ji Sufeto.

Suka miƙa. Ya juya su a tafin hannunsa, ya kankare wani abu da farce daga jikin kowanne, ya shinshina.

"Ya taɓa barin hannunka?"

"Ko wanka zan yi da shi nake shiga," in ji Quiroz.

"Ke fa?"

"Kullum yana wuyana."

Ba a fasa kwaɗo ko ɗaya ba. Taga kuwa ko kyanwa ba za ta bi ta ba.

A ciki komai na nan. Kwamfutar ƙungiya tana kan tebur, ma'aunin gwamnati sabo fil yana gefe. Ɓarawon ya wuce su ya tafi can ƙurya, inda tuluna uku suke da takarda manne: jar masara, irin gidan Melquiades Sarmiento.

Sufeto ya leƙa tulun farko. Ba wayam yake ba. An bar tafi guda a ƙasa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ɓarawo ba ya barin saura, amma duk wanda ya tashi a tudun nan ya san ba a kwashe ma'ajiyar masara ƙarƙaf, ana barin abin da zai kwana a ciki.

Ya durƙusa ya haska ƙasa da tocila. Da alama masara ta zube wajen ɗiba, don ga sawun yatsu a cikin ƙura. Amma ko ƙwaya ɗaya babu. Har tsagin siminti an bi da wani abu siriri, kamar tsinken gashi, an zaƙulo abin da ya faɗa. Wanda yake sauri kada a kama shi ya tsaya yana tsince masara ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya ga sawun gwiwa. Gwiwa ɗaya ce, ta hagu. A gefenta doguwar shaida ta ƙafar da aka miƙe don ba ta lanƙwasuwa, da ɗan zagayen gindin sanda.

Ya daɗe a durƙushe. Yana ɗan shekara bakwai ya taɓa zubar da ƙwaryar masara a tsakar gida, wata mata ta sa shi tsincewa har rana ta faɗi, tana cewa masarar da aka bari a ƙasa kuka take yi. Ba ta dake shi ba. Durƙusawa ta yi kusa da shi da gwiwa ɗaya, suka tsince tare. Ya ji ya tsani aikinsa. Amma sawu ba shaida ba ne, ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

Maigadin rumbun, Don Pánfilo, yana zaune a inuwa yana saƙar hular kaba. Ko kai bai ɗaga ba.

"Don Pánfilo, ina wuni."

"Au, Beto ne? Ka yi tumbi. Gwamnati tana kiwon ka da kyau."

"Me ka gani?"

"Baƙar mota. Ranar Asabar da azahar. Ƙarti huɗu, 'yan birni, da tabarau. Kafin in ce wane ne, sun yi gaba."

"Lambar motar?"

"Ni da ko sunana ban iya karantawa?"

"Asabar ba ranar aikin gayya ba ce? Na ga sabon kwalbati a ƙasan gari."

"Ita ce. Tun safe muka datse hanya, sai magariba muka rufe ramin. Ka ga hannuna."

"To ta ina motar ta bi, tunda hanyar ɗaya ce? Kuma ta yaya ka gan ta kana cikin rami?"

Tsohon ya tsaya da saƙa. Ya dubi kabar kamar ita ta yi masa ƙarya.

"Wataƙila Juma'a ce."

"Don Pánfilo."

"Beto, ka koma birni. Ka rubuta baƙar mota. Wa zai hau dutsen nan ya duba?"

"In na rubuta baƙar mota, hatimin nan zai yi wata uku a ƙofa ana neman ta. Ka shuka me?"

Pánfilo ya sunkuyar da kai ya ci gaba da saƙa.

Sufeto ya kira Quiroz da Nayeli bayan rumbu, inda ba kunnuwa. Ya ɗaga mabuɗan biyu.

"Ku biyun nan kun yi mini ƙarya iri ɗaya. Don Abundio, a banɗakin gidanku kyandir ake kunnawa?"

"Ban gane ba."

"Kakin kyandir ne a jikin mabuɗinka, mai ƙamshin turaren coci. Nata ma haka."

Quiroz ya ciro hankici ya share goshi. "Sau ɗaya na taɓa yar da shi a motar haya, aka kusa kora ta. Tun daga nan nake ajiye shi a coci, bayan ƙafar mutum-mutumin Waliyyi Bartolo ta dama. Kowa ya san abin da aka ajiye a ƙafar waliyyi ba a taɓawa a garin nan. Yau da safe na ɗauko."

Nayeli ta buɗe baki. "Ƙafar dama? Nawa yana ta hagu!"

Suka tsaya suna kallon juna. Shekara huɗu suna hararar juna a kan mabuɗan nan, ashe mabuɗan suna kwana wuri ɗaya, taƙi guda tsakaninsu. Ba don halin da ake ciki ba da Sufeto ya yi dariya.

"Wa ya zo neman jar masara bana?" ya tambaya.

Nayeli ta sunkuyar da kai. "Ba na tunawa."

"Injiniya, ƙarya ɗaya ta ishe ki yau."

Quiroz ne ya amsa, a hankali. "Wata tsohuwa. Sau uku tana zuwa. Ƙa'idar gwamnati ita ce sai mai takardar gona da sunansa. Tata da sunan ɗanta take, shi kuwa ya ƙetara zuwa Amurka shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wasiƙa ba waya. Na ce ta kawo sa hannunsa. Ba ita kaɗai ba, akwai wasu mata shida haka."

"Na rubuta wa ofishinsu sau biyar," in ji Nayeli, idonta ya kawo ruwa. "Irin mijinta ne, Sufeto. Da hannunta ta kawo mana shi shekarar da muka buɗe. Ita ce ta fara kawowa, lokacin kowa yana cewa 'yan damfara ne mu."

Bai tambayi suna ba. Mutum ɗaya ce take share ƙafar waliyyi tana canza masa furanni shekara talatin.

Gidan Doña Eufrosina yana can saman gari. Ita ce madrinarsa, matar da ta riƙe shi a coci ranar baftisma, kuma da uwarsa ta rasu ita ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Lázaro, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Ya tarar da ita a bakin murhu, ƙafar dama a miƙe, tana gasa gurasar masara.

Ya cire hula, ya sunkuya ya sumbaci hannunta.

"Madrina."

"Tun ɗazu ka shigo gari, sai yanzu ka ga damar zuwa? Zauna. Ka rame."

"Don Pánfilo cewa ya yi na yi tumbi."

"Pánfilo makaho ne. Ci."

Ta tura masa gurasa da wake da yaji. Ya ci, don bai san yadda ake ƙin abincinta ba. Gurasar ta masarar kanti ce, fara, ba ɗanɗano. Sandarta tana jingine da bango, gindinta da sabuwar jar ƙasa.

"Madrina, ina kike ranar Asabar da azahar?"

"A coci. Ina kake so in kasance?"

"Daga coci fa?"

"Gida."

"Ba ki biya ko'ina ba?"

"Yau kuma ni kake yi wa tambayar 'yan sanda? Ni da na wanke maka kashi?"

Ya ajiye gurasar. Ta ƙofar baya yana hango gonar marigayi mijinta Don Melquiades, layi-layi an rufe ramuka, an daddanna da ƙafa. An yi binne, ana jiran ruwa.

"An shuka gonar," ya ce.

"An shuka."

"Da wane iri?"

Ta juya gurasar da ke kan wuta da yatsunta, ba ta ji zafi ba. "Ka rubuta abin da Pánfilo ya gaya maka, Beto."

"Zan iya," ya ce. "Tun da na ga sawunki nake tunanin haka. Amma Don Abundio ya manna hatimi a ƙofa. Ba za a ba kowa iri ba sai an sami wanda ya ɗiba."

Hannunta ya tsaya. "Wane hatimi? Ba yau ake rabo ba?"

"Ba a ba kowa ba. Suna can zaune a fili da buhunansu."

"Saboda tulu uku?"

"Saboda tulu uku."

"Har da Remedios mai 'ya'ya biyar? Har da su Casimiro?"

"Kowa da kowa, Madrina."

Gurasar ta ƙone, hayaƙi ya tashi, ba ta kula ba. Ita a lissafinta za a ga an ɗiba, a yi 'yan surutai, a ci gaba da rabo. Ba ta san a ofis tulu uku suna iya rufe sittin ba.

"Ni na ɗiba," ta ce. "Sawu huɗu na yi, a mayafina, maza duk suna wajen gayya. Pánfilo ya dawo ɗaukar shebur ya gan ni, ya juya baya. Na nemi gafarar waliyyi kafin in taɓa mabuɗan, na kuma mayar da kowanne ƙafarsa. Melquiades shekara arba'in yana zaɓen irin nan zangarniya-zangarniya. Na kai musu don kada ya ɓace in na mutu. Sai ga shi wai sai Lázaro ya sa hannu." Ta dube shi. "In da na san inda hannun Lázaro yake, Beto, masara zan tsaya nema?"

Sufeto ya kau da kai. Shi ma ya neme shi, ta ofis da ta bayan ofis, bai samu ko labari ba.

"Ina sauran? Gonarki ba za ta ci tulu uku ba."

"Mu bakwai ne marasa takarda. Na raba. Jiya bayan coci kowa ta shuka. Ba su san daga ina ba, na ce musu ajiyar Melquiades ce. Ban yi ƙarya ba." Ta miƙa hannu. "Ba ni sandata. Ka kashe wutar nan."

"Madrina, in kika faɗa a gaban mutane, dole in tafi da ke."

"To da me ka zo yi? Ɗauko mini baƙin mayafin, ba wannan ba, na zuwa coci."

Suka gangaro a hankali, tana dafe da hannunsa. Da suka shigo fili surutu ya mutu. Ta tsaya a gaban Quiroz, tsawonsu ɗaya.

"Don Abundio, ga ɓarawonka. Ni ce, Eufrosina matar Melquiades. Ba mota, ba 'yan birni. Yarinyar nan ba ta sani ba, kai ma ba ka sani ba. Cire takardarka ka ba mutane iri."

Quiroz ya taɓa birukansa ɗaya bayan ɗaya. "Doña, ƙa'ida ta ce sai an dawo da kayan."

"Suna ƙasa, a gona bakwai. In kana so ka je ka tono."

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi. Quiroz ya dubi Sufeto, yana neman a cece shi.

"Ta amsa laifi a gaban shaidu," in ji Sufeto. "Bincike ya ƙare. An san inda kayan suke, za su dawo da kaka. Haka zan rubuta."

Quiroz ya daɗe yana kallon hatimin. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Can ya sa farce ya ɓare takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Injiniya," ya ce, bai dube ta ba, "wasiƙun nan naki biyar. In kin rubuta ta shida, ki ce ƙungiya za ta tsaya wa mata marasa takarda, ni zan sa hannu a ƙasa. Zan kai da kaina. Kuma gobe zan je gaban mai shari'a in faɗi wanda ya kawo irin nan tun farko."

"Tare za mu je," in ji Nayeli.

Sufeto ya miƙa musu mabuɗansu. Ankwa tana ɗamararsa, bai ko taɓa ta ba. Ya kai Doña Eufrosina wajen mota. Ta nufi baya, inda ake zuba mutane da buhuna, ya riƙe ta ya buɗe mata ƙofar gaba. Ya ɗaga ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ya shigar, ya ɗaura mata bel. Pánfilo ya zo ya tsaya a taga da hularsa a ƙirji.

"Ka ba kajina ruwa," ta ce masa. "Kuma ka daina ƙarya, ba ka iya ba."

Sun kai kwanar da ake hango gari daga sama, ta taɓa hannun Sufeto.

"Tsaya nan."

Ya tsaya. Ƙofar rumbu a buɗe take. Quiroz yana kan ma'auni ya naɗe hannun riga, Nayeli tana zubawa, layi ya miƙe har bakin coci. Tsohuwar ta manna fuska a gilashi, tana kiran sunayensu a hankali, duk wanda ya fito da buhu a kafaɗa.

"Ga Casimiro. Ga surukar Pánfilo. Waccan Remedios ce?"

"Ita ce."

"Buhunta ya cika?"

"Ya cika, Madrina."

Ta jingina da kujera, ta gyara mayafinta, ta haɗa hannuwa a cinya.

"To mu tafi. Ka share fuskarka, Sufeto guda kana kuka a kan hanya. Kuma ka ja a hankali, ɗana. Ban taɓa zama a gaban mota ba, ina so in ga hanya."